Ranar da Muka Binne Kwat ɗin Roko

Antwerp, 19 ga Oktoba, 1968

Yaya Jerka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da akuyar nan mai baƙin hali. Ni lafiyata ƙalau, ban da haƙorin nan na baya da ke tuna mini da kansa duk lokacin da na sha ruwan sanyi. Ya aikin masana'antar kifin sadin? Har yanzu ƙarnin kifin yana raka ki coci ranar Lahadi?

Ga dalilin wannan takarda. An canza wa jirginmu hanya. Mun gama da ƙasashen sanyi, yanzu Basra muka nufa, daga can Bombay, wataƙila har Japan. Tunda an rufe Suez sai mun zagaye Afirka kaf, saboda haka za ku daɗe ba ku ji daga gare ni ba. Wanda zai je wuraren nan ba ya bukatar kwat ta ulu, shi ya sa zan aiko da tawa gida. Shafinta ya yage a hammatar dama, aljihun hagu ya huje har ya cinye mini wuƙa, maɓalli ɗaya kuma yana lilo. Na ga sababbi a kantunan nan, masu kyau a ido, amma in kin taɓa su kamar bargon asibiti. Tawa tun ta aikin sojan ruwa ce, irin ta Baba sak, ruwa ya zubo mata ya gangare. Shi ya koya mini a ɓalla ta ta gefen da iska ba za ta samu ƙofa ba, in iskar ta juya kai ma ka juya maɓallan. Ba zan bai wa wani tela ita ba alhali Mama na da rai.

Na san abin da ke ranki. Na san a garinmu Draga in kwat ɗin ɗan jirgi ta dawo gida a hannun wani, to mai ita ba zai dawo ba. Don haka nake rubuto miki tun kafin ta taso, ki gaya wa Mama, kada wani ya taɓa igiyar ƙararrawar coci. Wanda zai kawo ta sunansa Stevo, kukunmu ne, ya gama wa'adinsa zai koma gida. Mutumin tudu ne daga Banat, bai san al'adunmu ba, a garinsu ruwan da ya fi girma shi ne na rijiya. Na ce masa ya shiga gidan da dariya, ya nemi abinci tun daga bakin ƙofa. Ku ba shi kifi, ku nuna masa yadda ake dafa shi, domin har yau bai iya ba.

Ki gaida maƙwabciyarmu Teta Perina da limamin cocinmu Don Vicko. Ki sumbaci hannun Mama a madadina.

Ƙanenki,
Roko

Draga, 12 ga Janairu, 1969

Roko,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Mama na tari kaɗan saboda sanyi, akuya ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. An gama tsinkar zaitun, bana bai yi yawa ba.

Takardarka ta iso shekaranjiya. Ta iso bayan mun binne ka. Na duba tambarin gidan waya, a Disamba aka jefa ta, ban san aljihun wa ta yi wata biyu a ciki ba. Zan gaya maka yadda abin ya faru a jere, don in ban rubuta ba kai ma ba za ka yarda ba.

Stevo ɗinka ya zo farkon Nuwamba. Ranar teku ta tashi, kuma ashe mutumin da ya yi shekaru a babban jirgi ba ya jure ƙaramin jirgin fito. Waɗanda suka taho tare sun ce tun daga Split yake amai. Ya sauka fuskarsa fari fat, ya tambayi gidanmu, yara suka nuna masa. Matan da ke bakin tasha sun ga abin da ke hannunsa, a ninke, an ɓalla maɓallan har wuya. Sai suka bi bayansa daga nesa.

Ni ina masana'anta. Mama ce kaɗai a gida. Teta Perina ta gani daga tagarta, ita ta ba ni labari. Bai shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hularsa, ya miƙa kwat ɗin da hannu biyu.

Ya ce, "Daga Roko."

Mama ta ce, "A ina?"

Ya ce, "Antwerp."

Ta gyaɗa kai ta karɓa. Jirgin fito ya yi ƙara a ƙasa, shi kuma ya juya ya gangara yana dafe da ciki. Ba wanda ya tare shi da tambaya, ka san ba a tambayar mai kawo kwat, ana ganin nauyin da ya ɗauko ya ishe shi.

Ina cikin yanke kawunan sadin na ji ƙararrawa. Sai ga Teta Perina a ƙofar masana'anta, ta tsaya tana kallona ba ta kira sunana ba. Na wanke hannuna sosai da sabulu, na rataye rigar aiki a ƙusarta, na bi ta. Na tarar da kwat ɗin a kan tebur, Mama ta ɗora hannu a kai.

Na ce, "Mama, mu jira takarda daga kamfani."

Ta ce, "Ta ubanku mun jira ta. Ta zo bayan shekara ta gaya mana abin da muka sani."

Na rubuta wa kamfanin duk da haka. Amsarsu ta zo rana ɗaya da taka, layi biyu, wai kana cikin jirgi lafiya lau.

Ka san kwat irin wannan ba ta yin sati a gida. Kafin a kai ta maƙabarta, Mama ta zauna bakin taga ta gyara ta. Ta ɗinke shafin, ta toshe aljihun, ta ɗaure maɓallin da zare biyu. Ta ce ba za ta tura ka gaban ubanka da yagaggen shafi ba. Duk abin da ka nema a takardarka an yi maka. Barba Kuzma mai kula da maƙabarta ya haɗa ɗan akwati, aka buɗe kabarin Baba, aka ajiye taka kusa da tasa. Duk garin ya fito. Don Vicko ya ce kai yaro ne mai ladabi, na kalle shi. Tonko da ka fasa wa hanci a makaranta ya yi kuka har aka riƙe shi.

Shekaranjiya mai kawo wasiƙu ya hau tudun nan da gudu, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Ya gane rubutunka. Na buɗe a tsaye, na karanta, na shiga wurin Mama. Tana gyaran ganyen blitva. Na ce, "Mama, Roko na da rai, ga takardarsa." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Rufe tagar nan." Ta wajen teku take nufi. Na rufe. Ta ce, "Karanta, kada ki ɗaga murya." Na karanta mata har ƙarshe. Ta ci gaba da gyaran ganyenta, muka ci shi da dankali.

Ni ban san abin da nake ji ba. Ranar jana'izar ban yi kuka ba, mutane suka ce ina da ƙarfin zuciya. Shekaranjiya ban yi dariya ba, suka ce mamaki ne. Ina zuwa aiki ina dawowa. Ka kula da haƙorin nan.

Yayarka,
Jerka

Basra, 8 ga Maris, 1969

Yaya Jerka,

Ina gaishe ku daga lahira! Lafiyata ƙalau, an cire haƙorin a Durban, wani likita mai hannu kamar na maƙeri. Nan zafi ne tun yanzu, ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa da rana.

Wallahi na karanta takardarki a ɗakin cin abinci, dariya ta sa na shaƙe da shayi. Na karanta wa sauran, har kyaftin ya sauko ya ce a maimaita masa wurin Stevo da amai. Yanzu ba mai kirana Roko a jirgin nan. Marigayi ake ce mini. "Marigayi, zo ka ja igiya." "Marigayi, matattu ma suna shara." Wani ɗan Kotor ya ce tunda an riga an yi mini addu'a, in yi duk zunubin da na ga dama, an biya tun gaba.

Tonko ya yi kuka! Ki ce masa na gode, in na dawo zan daidaita masa hancin ta ɗaya gefen. Me aka ci a wurin makokin? Ina fatan ba a yanka ɗan akuyar ba, rabona ne.

Na san Mama ta firgita, kuma laifina ne, da na jefa takardar da hannuna maimakon in ba yaron wakilin kamfani. Ki ba ta haƙuri. Yanzu dai na tabbata ta warware, ta koma faɗanta da akuya. Ki ce wa Barba Kuzma ya tono mini kwat ɗina kafin damshi ya ci ta. A shanya ta a inuwa, kada a sa ta a rana, a goge maɓallan da toka. Da kaka zan zo hutu, kuma ba zan yi sanyin Draga da rigar shan iska ba.

Ki ce Mama ta sa hannu a ƙasan amsarki, ko sunanta kawai, yadda ta saba.

Marigayi ƙanenki,
Roko

Draga, 4 ga Mayu, 1969

Roko,

Gaisuwa. Muna lafiya. Tarin Mama ya tafi. An yanka ɗan akuyar, amma ba don kai ba, don Ista.

Na ji daɗi da abin ya ba ku dariya. Nan ba a tono komai ba. Na yi wa Barba Kuzma magana, ya ce kabarin na Mama ne, sai ta ce. Na yi wa Mama magana, ta ce, "Abin da ke ƙasa yana ƙasa." Ban ƙara ba.

Ba ta cire baƙaƙen kaya ba. Duk Lahadi tana kai kyandir biyu maƙabarta. Don Vicko ya ga abin ya yi yawa, sai ya sanar a coci cewa kuskure aka yi, a gode wa Allah, ɗan Mande, wato mamarmu, yana raye. Yana kai wa sunanka Mama ta miƙe ta fita, takalmanta kaɗai ake ji. Ya biyo ta gida da yamma ya yi mata nasiha mai tsawo. Ta ba shi kofi da busasshen ɓaure, ta raka shi ƙofa. Matan unguwa in sun yi mata barka sai ta ce, "Ɗana yana wurin ubansa," ta wuce. Yanzu sun daina. Wasu na cewa ta taɓu, amma ita ke lissafin man zaitun, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Ta hana a ambaci sunanka a gidan. Takardarka ba ta yarda na karanta mata ba, sai na riƙa tsinto mata labarin muna wanke-wanke. Abu ɗaya ne ya sa ta ɗaga kai. Da na ce a jirgi Marigayi suke kiran ka, ta ce, "Su ci gaba."

Amma kada ka damu da lafiyarta. Tun ranar da ka fara shiga jirgi ban taɓa ganin ta runtsa ba in iskar arewa mai ƙarfi na kaɗawa, sai ta zauna tana sauraro. Yanzu tana barci har da minshari. Tana cin abinci, ta yi ƙiba, fuskarta ta cika.

Na miƙa mata alƙalami ta sa hannu. Ta ce hannunta da gari.

Jerka

Kobe, 20 ga Yuli, 1969

Yaya,

Ina lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Na karanta takardarki ban san sau nawa ba, kuma wannan ban karanta wa kowa ba. Tana barci. Ta yi ƙiba. Su ci gaba. Na gane. Wato duk shekarun nan kaya ne ni a kanta, Stevo ya zo ya sauke mata, ita kuma ba ta son a sake ɗora mata. Da kin faɗa mini haka kai tsaye, da ya fi mini sauƙi a kan ki ce kada in damu.

Ina da shekara goma sha bakwai ta sa ni a gaba har bakin tasha, ita ta riƙe mini jaka. Ba ta ce kada in tafi ba. A Draga namiji ko ya shiga jirgi ko ya zauna yana ƙirga awaki, ita ma ta sani. Me na yi mata yanzu, ban da ƙin mutuwa?

Na hana su kirana da sunan nan. Na mari ɗan Kotor ɗin a kan haka, kyaftin ya tsare ni a jirgi, ban ga komai na Japan ba sai fitilu daga nesa. Ban damu ba. Ina aikina, ina ci, ina kwanciya. Wani lokaci ina tsaye a bakin jirgi sai in ji kamar da gaske wani ne ya mutu, ni kuma aka bar ni ina riƙe masa wuri.

Zan zo a Oktoba. In ta gan ni da idonta, in ta taɓa ni, wataƙila abin ya sake ta. Kada ki gaya mata ranar.

Roko

Rijeka, 16 ga Nuwamba, 1969

Yaya Jerka,

Na iso lafiya, gobe za mu tashi. Na gode da cukun da man da kika sa mini a jaka. Ki yi haƙuri da na tafi ba ki dawo daga aiki ba, na kasa ƙara wuni ɗaya. Akwai abin da ba ki gani ba, kina masana'anta, kuma ban iya faɗa miki baki da baki ba.

Ranar da na sauka, Teta Perina ce ta tare ni tun a tasha. Ta lulluɓa mini mayafinta a kafaɗa kamar wani ɓarawo, ta ce, "Uwarka ta hango jirgin. Ta ce in biyo da kai ta bayan gari, ta cikin zaitun." Na ɗauka kunyar mutane take ji. Na shiga, tana tsaye bakin murhu, duk tagogin wajen teku a rufe da rana tsaka. Na ce, "Mama, ga ni." Ta juyo ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta daɗe. Na matsa zan rungume ta, sai ta ɗauki tukunya da hannu biyu ta riƙe a gabanta. Ta ce, "Baƙo ya sha hanya. Ya zauna ya ci abinci."

Kin ji da kunnenki yadda ta yi ta kirana har na tafi. Baƙo zai ƙara miya? Baƙo ya ji sanyi? Ta dafa duk abin da nake so, ta wanke kayana, ta ɗinke mini safa. Sunana kuwa ko sau ɗaya. In na ce zan sauka tasha in gaisa da masunta sai ta tsaya a ƙofa ta ce akwai itacen da za a faskara. Na faskara itacen da zai kai ku baɗi.

Jiya da safe na je maƙabarta. Ba ki gaya mini an sassaƙa sunana ba. Yana nan ƙarƙashin na Baba, da shekarar haihuwa da ta mutuwa, da 'yar ƙugiyar jirgi a gefe, Barba Kuzma ya yi aiki mai kyau. Ina tsaye sai ga ta da kyandir. Ta durƙusa ta kunna, ta share ganyen da ke kan dutsen, ni ina gefenta, kafaɗata na kusan taɓa tata.

Na ce, "Mama, wa kike kunna wa?"

Ta ce, "Ɗana."

Na ce, "To ni wane ne?"

Ta ce, "Baƙo ya rage murya, iska na ɗaukar magana."

Ban ji haushi ba, Yaya, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Na tsaya kawai ina karanta sunan kamar na wani. Na koma gida na ɗauki jakata. Ta biyo ni har bakin zaitun da ƙunshin ɓaure, ta sa mini a aljihu, ta juya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kwat ɗin ta riƙe, na sayi wata a nan, irin ta bargon asibitin. Amma a goge sunana daga dutsen nan. Ke ce babba, kina da iko a kabarin kamar yadda take da shi. Sai ranar da kika rubuto cewa an goge zan sake taka Draga.

Roko

Draga, 26 ga Afrilu, 1970

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a duk inda kake. Na aika biyu a hunturu ba amsa, na buga waya ta hannun kamfani, suka ce kuna tsakiyar ruwa. Ni lafiyata ƙalau.

Mama ta rasu ranar Talata ta makon jiya, da hantsi. Tarin ne ya dawo a Fabrairu ya sauka ƙirji. Likita ya zo daga Split, ya ce a kai ta asibiti, ta ce ba za ta hau ruwa ba. Ba ta sha wahala sosai ba. Ina riƙe da hannunta, Teta Perina na wajen ƙafafu.

Ana saura kwana kaɗan, da safe ina taje mata kai, ta ce, "Jerka, tagar a rufe take?" Na ce a rufe take. Na ce mata, "Mama, yaron nan ya tafi da ciwo a zuciya. Yana ganin kin gaji da shi, kin ji daɗi da aka kawo kwat ɗin." Na faɗa mata da zafi, don ni ma haka nake gani, kuma na gaji.

Ta rufe ido har na ɗauka ta yi barci. Sai ta ce, "Ku biyun nan ba ku da wayo, ubanku kuka biyo. Tekun nan ta ci kakanku, ta ci ubanku, ta ci ƙanena Jakov. Duk namijin da ya fita daga gidan nan kwat ɗinsa ce ke dawowa. Ran nan ta ji an buga wa yaron ƙararrawa, ta ga an kai akwati tudu. Tana tsammani ta riga ta samu nata. To wa zai je ya gaya mata kuskure ne? Ni?"

Na ce, "Mama, teku ba ta da kunne."

Ta ce, "Ke kika sani. Ni dai tun da aka binne kwat ɗin nan ya zagaye duniya ya dawo da ƙafafunsa."

Na ce me ya hana ta gaya maka, ko a kunne. Ta ce, "Wannan? Bakinsa ba ya rufuwa. Zai hau jirgi ya ba su labari suna ƙyaƙyatawa a kan ruwa, ta ji." Ta ce ranar da ka shigo, da ba ta ɗauki tukunyar nan ba da ta kira sunanka da ƙarfin da za a ji har tasha. Tukunyar da zafi, ta ƙona mata tafin hannu biyu. Na tuna na ga tana ɗaure su da tsumma a satin, ta ce mini murhu ne.

Daga nan ta tambaya ko an ba akuya ruwa.

Ranar Alhamis aka buɗe kabarin. Akwatin Baba ya ruɓe, naka yana nan. Murfin ya ɗan tsage, na hango ulun, ko launi bai canza ba, maɓallan ne kawai suka yi kore. Barba Kuzma ya dube ni daga cikin ramin ya ce, "'Yata, yanzu ke ce mai gida. In miƙo miki ita?" Ya ce kuma in ya zo sassaƙa sunan Mande, aikin rabin wuni ne ya goge ɗayan, ya san ka nema.

Ka san ni. Na yi makaranta, ba na tofa yawu in baƙar kyanwa ta gitta, ni ce ke yi wa Teta Perina dariya a kan irin waɗannan abubuwa. Takardarka ta Nuwamba tana aljihuna a lokacin, na san abin da ka ce, na san kuma ba za ka zo ba sai an yi. Na buɗe baki in ce ya miƙo, ya goge. Daga maƙabartar nan ana ganin ruwa har ƙarshen ido, ranar kuma ya kwanta lumui, ko motsi babu. Kana can a kansa, ban san a ina ba.

Na ce ya bari. Duka biyun.

Aka sauke Mama kusa da akwatinka, aka rufe. Mutane suka zo gida suka ci suka sha suka watse. Na wanke kwanuka. Ban yi kuka ba tukuna, ina jira ya zo.

Ban ce ka yafe mini ba, kuma ban ce na yarda da maganarta ba. Na kasa ne kawai. In ka bar jirgi wata rana, ka zo mu je tare da guduma, ni zan fara bugawa. In ba ka bari ba, gidan yana nan, gadonka a gyare, ka zo a yadda ka ga dama, zan dafa maka abin da kake so.

Takardar nan ta ruwa za ta bi. Za ka ga ban rubuta sunanka a cikinta ba, sai a bayan ambulan, shi ma don dole.

Yayarka,
Jerka